Ƙwayar cutar HIV ta kwanta amma CD4 ya ƙi hawa: akwai maganin da ke farfaɗo da garkuwa?

Tambaya: Likita, shekarata 47, kuma yau shekara uku ke nan ina shan maganin HIV na TLD ba fashi. Lokacin da aka gano ina ɗauke da HIV, CD4 ɗina, wato adadin ƙwayoyin garkuwa a jinina, 60 ne. Gwaji biyu na baya-bayan nan sun nuna ba a ganin ƙwayar cutar a jinina, amma CD4 ya tsaya a 190. Akwai wata allura ko ƙwaya da za a ƙara mini garkuwar jikina ta dawo?

Amsa: Malam, zuwa yau babu maganin da aka tabbatar cewa in an ɗora shi a kan magungunan HIV zai ɗaga CD4 kuma ya ƙara wa mutum lafiya. An gwada da dama, har an samu wanda ya ɗaga adadin sosai, amma bai rage jinya ko mutuwa ba. Duk da haka akwai aiki a gaban likitanka: a tabbatar adadin na gaskiya ne, a nemo abin da ke danne shi, sannan a ba ka magungunan da za su tsare ka muddin yana ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne ke ceton rai, kuma shi aka fi yi wa sakaci.

Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 da 1,500 a kowace maikirolita ta jini. Da zarar magani ya danne ƙwayar cutar, ƙaruwar takan zo mataki biyu. A watanni uku zuwa shida na farko adadin yakan yi tsalle, ba don jiki ya ƙera sababbin ƙwayoyi ba, sai don waɗanda suka maƙale a ƙullutun kaluluwa sun saku sun dawo cikin jini. Bayan nan ne ainihin gini ke farawa, shi kuwa tafiyarsa a hankali take. Ana sa ran ƙarin 50 zuwa 150 a shekarar farko, sannan kamar 50 zuwa 100 duk shekara har ya kai inda zai tsaya. Cikin waɗanda suka fara magani CD4 ɗinsu na ƙasa da 200, kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari sukan tsaya a ƙasa ko da ƙwayar cutar ta kwanta shekaru. Abubuwa biyu ne suka fi nuna wanda zai shiga wannan sahu, wato yadda CD4 ya faɗi ƙasa kafin a fara magani, da kuma shekarun mutum. Kai duka biyun sun shafe ka.

Dalilin yana cikin jiki. Sababbin ƙwayoyin CD4 suna samun horo ne a wata ƙaramar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, ana kiranta taimos, wadda ke ƙanƙancewa tun bayan balaga. Mai shekara 47 ba zai ƙera su da saurin ɗan shekara 20 ba. Na biyu, shekarun da ƙwayar cutar ta yi tana hayayyafa sukan bar tabo a cikin ƙullutun kaluluwa, inda ƙwayoyin ke samun sinadarin da ke raya su. Kamar gona ce da aka kori farar da ke cinta amma ƙasar ta riga ta ƙeƙashe, shuka na fitowa, sai dai ba ta yabanya. Na uku, bangon hanji yakan lalace tun farkon kamuwa, ɓurɓushin ƙwayoyin cuta na hanji su riƙa yoyo cikin jini, garkuwa ta zauna kullum a zabure. Ƙwayar da ke zabure ba ta daɗewa, saboda haka jiki na ƙerawa ana ƙonewa.

A fara da tabbatar da adadin

Awon CD4 ba ya tsayawa wuri guda. Yakan bambanta tsakanin safe da yamma, tsakanin na'ura da na'ura, kuma zazzaɓi, tiyata ko wata 'yar rashin lafiya na iya saukar da shi na makonni. Ba a ɗaukar sauyi da muhimmanci sai ya kai kashi 30 cikin ɗari na adadin. Wato bambancin 190 da 220 ba wani abu ba ne. A riƙa yin gwajin a ɗakin gwaji ɗaya, a kusan lokaci ɗaya na yini, kuma ba lokacin da kake kwance ba.

Ka nemi a duba kason CD4, wato nawa ne CD4 cikin kowane ɗari na rukunin fararen ƙwayoyin jinin da suke ciki, ba adadin kaɗai ba. Kaso 14 cikin ɗari yana daidai da adadi 200, kaso 29 kuwa da 500. Idan adadinka 190 ne amma kason ya kai 25, matsalar ba ta CD4 ba ce kaɗai, fararen ƙwayoyin jini ne gaba ɗaya suka ragu. Ana ganin haka ga wanda hantarsa ta ƙanƙame saifarsa ta kumbura tana riƙe ƙwayoyin jini, ko wanda wani magani ya danne masa ɓargo. Cikakken awon jini mai nuna farare, jajaye da masu daskarar da jini shi ke raba gardama, kuma ba gwaji ne mai wuya ba.

Sai a sake duba kwanciyar ƙwayar cutar. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kwafi 50 na ƙwayar cutar ko ƙasa a kowace mililita ta jini. Tsakanin 50 da 1,000 ba kwanciya ba ce cikakkiya, ana ƙarfafa shan magani a sake gwaji bayan wata uku. Sama da 1,000 sau biyu a jere, da tazarar wata uku, shi ne gazawar magani. Wasu na'urori ba sa gani ƙasa da 400 ko fiye, don haka ka tambayi iyakar na'urar da aka yi maka amfani da ita.

A nan akwai tarkon da ke kama masu neman ƙarin garkuwa. TLD haɗin magani uku ne: tenofobir miligiram 300, lamibudin 300, dolutegirabir 50. Shi dolutegirabir yana manne wa sinadarin kalsiyam, ƙarfe, magniziyam, alminiyam da zink a cikin hanji, ya wuce ba tare da ya shiga jini ba. Waɗannan kuwa su ne ke cikin maganin ƙarin jini, maganin gyambon ciki mai kauri irin na sha, da yawancin ƙwayoyin bitamin da ake sayarwa da sunan ƙarfafa jiki. Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Kalsiyam da maganin ƙarin jini ana iya haɗa su da shi lokaci ɗaya in dai tare da abinci ne, amma maganin gyambon ciki dole a raba. Rifamfisin na tarin fuka yana sa hanta ta narkar da dolutegirabir da wuri, shi ya sa ake ƙara wata ƙwaya mai miligiram 50 bayan awa 12, a ci gaba har mako biyu bayan an gama rifamfisin ɗin. Magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin, fenitoyin da fenobabiton su ma suna rage ƙarfinsa. Mai ciwon suga kuma ya sani cewa dolutegirabir na ɗaga metfomin a jini, galibi ba a wuce miligiram 1,000 a rana.

Akwai kuma nau'in HIV-2, wanda ya fi yawa a Afirka ta Yamma. Gwajin yawan ƙwayar cuta na yau da kullum an yi shi ne don HIV-1, ba ya ganin na biyun, kuma masu HIV-2 an san CD4 ɗinsu na jinkirin hawa. Duk wanda ba a taɓa tantance nau'in da yake ɗauke da shi ba, CD4 ɗinsa ya ƙi motsi, ya kamata a yi masa gwajin bambancewa.

Abin da ke danne ɓargo

Kafin a yi tunanin ƙara magani, a yi tunanin ragewa. Zidobudin, wanda aka fi sani da AZT, yana danne ɓargo, ya kawo ƙarancin jini da na fararen ƙwayoyi. Wanda ke kansa CD4 ya tsaya, wannan kusan shi ne kaɗai yanayin da sauya haɗin magani ke da hujja, in har tarihin maganinsa ya ba da dama. Tsohon haɗin tenofobir da didanosin ma an san shi da saukar da CD4, an kuma daina amfani da shi. Ban da magungunan HIV akwai magungunan cutar kansa, intaferon, gansaikilobir, da dangin firednisolon da dekzametason, waɗanda mutane da yawa ke sha da kansu don ciwon gaɓoɓi ko don su yi ƙiba. Wannan ɗabi'a ta ƙarshe tana da haɗari ƙwarai ga mai CD4 irin naka. Septrin, maganin rigakafin da ake ba masu ƙarancin CD4, shi kansa yakan rage fararen ƙwayoyi ga wasu, sai dai ba a ajiye shi sai likita ya ga hakan a awon jini ya kuma tanadi madadinsa.

Cututtukan da ke ɓoye su ma a neme su: tarin fuka, ciwon hanta nau'in B da C, tunjere, da kansar ƙullutun kaluluwa idan akwai rama, zufar dare ko kumburi. Nau'in C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12, fiye da mutum 95 cikin ɗari. Warkewar ba lallai ta ɗaga CD4 da yawa ba, amma tana ceton hanta. Nau'in B kuwa tenofobir da ke cikin TLD na danne shi, kuma wannan dalili ne babba na kada a taɓa haɗin da ka: cire tenofobir ga mai nau'in B na iya tayar da ciwon hanta mai kisa cikin 'yan watanni. Yawan shan giya da rashin isasshen abinci suna cikin lissafi.

Magungunan da aka gwada

Labarin intalukin-2 ya kamata duk mai wannan tambaya ya san shi. Sinadari ne da jiki kansa ke fitarwa don ƙwayoyin garkuwa su hayayyafa. Tun shekarun 1990 aka lura cewa in an yi wa mai HIV allurarsa a ƙarƙashin fata, kwana biyar a jere duk bayan mako takwas, CD4 na tashi. Sai aka shirya manyan bincike biyu. ESPRIT ya ɗauki mutum 4,111 masu CD4 300 zuwa sama, SILCAAT ya ɗauki 1,695 masu 50 zuwa 299, wato irin rukuninka. Kowa na shan maganin HIV, rabi aka ƙara musu allurar, aka bi su kimanin shekara bakwai. Sakamakon ya fito a 2009. Waɗanda aka yi wa allura sun fi takwarorinsu CD4 da kimanin 159 a ESPRIT, da 53 a SILCAAT. Amma yawan cututtukan da ke kama mai raunin garkuwa da yawan mutuwa duk ɗaya ne a ɓangarorin biyu. A ESPRIT ma masu allurar sun fi fuskantar illoli masu tsanani, ban da zazzaɓi da ciwon jikin da ke bin kowane zagaye.

Masu bincike sun danganta wannan da irin ƙwayoyin da suka ƙaru. Yawancinsu tsofaffi ne da allurar ta tsawaita musu rai, kuma suna da siffar masu kwantar da garkuwa, ba masu kai farmaki ba. Na'ura na ƙirga su, amma ba sa yaƙi. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada a fagen nan: CD4 ɗin da ya hau saboda ƙwayar cuta ta kwanta alama ce ta lafiya, wanda aka tura sama da wani sinadari kuwa ba lallai ya zama haka ba. Duk wanda ya zo maka da magani yana cewa an gwada ya ɗaga CD4, tambayar da za ka yi masa ita ce ko ya rage jinya da mutuwa.

Intalukin-7 ya fi ba da fata a ƙananan gwaje-gwaje, domin yana ƙara sababbin ƙwayoyi, amma ba a yi masa babban binciken da ya nuna amfani ga lafiya ba, kuma ba a amince da shi don wannan aiki ba. Sinadarin girma yana ɗan farfaɗo da taimos, sai dai yana kawo kumburi, ciwon gaɓoɓi da hawan suga. An gwada ƙara magani na huɗu, marabirok ko raltegirabir, ga waɗanda ƙwayar cutarsu ta riga ta kwanta, ba a samu ƙarin CD4 mai ɗorewa ba. Balgansaikilobir, maganin wata ƙwayar cuta dabam da ake kira CMV, ya rage zaburar garkuwa a wani ƙaramin gwaji na mako takwas, amma shi kansa mai danne ɓargo ne. Haidiroksikulorokwin da aka ba waɗanda ba su fara maganin HIV ba, a binciken da ya fito a 2012, saurin faɗuwar CD4 ma ya ƙara musu. Bitamin mai yawan kashi an gwada shi a Tanzaniya kan mutum fiye da 3,000 da ke fara magani, aka dakatar da binciken kafin lokaci don alamun wahalar hanta sun ƙaru ba tare da amfani ba. Wannan ya ishe ka amsa game da kwalaben da ake tallatawa da sunan ƙarfafa garkuwa, na bature ne ko na ganye: babu wanda ya tsallake irin wannan gwaji, wasu kuma suna karya ƙarfin TLD ko su cutar da hanta da ƙoda.

Sauya TLD zuwa wani haɗi fa? A binciken SINGLE na 2013, masu fara magani da dolutegirabir sun samu ƙarin CD4 267 a mako 48, masu efabirenz 208. Kai kana kan dolutegirabir ɗin. Babu haɗin da ya fi shi da za a mayar da kai, kuma sauyi ba dalili na iya jawo sabuwar illa.

Magungunan da ke tsare ka kafin ta dawo

Ga inda magani ke aiki da gaske. Binciken REALITY, wanda aka yi a Yuganda, Zimbabuwe, Malawi da Kenya ya kuma fito a 2017, ya ɗauki mutum 1,805 da ke fara magani CD4 ɗinsu ƙasa da 100. An gwada abu uku a kansu. Ƙarin raltegirabir ya saukar da ƙwayar cuta da sauri amma bai rage mutuwa ba. Ƙarin abinci na musamman ya ƙara musu nauyi amma bai rage mutuwa ba. Abin da ya yi aiki shi ne ƙunshin rigakafi: Septrin, isoniyazid da bitamin B6, fulukonazol na mako 12, azitromaisin na kwana biyar, da albendazol sau ɗaya. Mutuwa cikin mako 24 ta sauka daga kashi 12.2 zuwa 8.9 cikin ɗari, da magunguna masu arha waɗanda aka daɗe da sani.

Septrin, wato kotirimoksazol, ana shan miligiram 960 sau ɗaya a rana. Yana kare huhu daga nimoniyar PCP, ƙwaƙwalwa daga wata cuta da ake kira tokzo, yana kuma rage gudawa, cututtukan bakteriya da maleriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk mai CD4 350 zuwa ƙasa, kuma inda maleriya da cututtukan bakteriya suka yi yawa a ci gaba da shi ko nawa ne CD4. A inda ba haka ba, ana iya tsayar da shi idan ƙwayar cutar ta kwanta kuma CD4 ya haura 350. Illar da ba a wasa da ita ita ce ƙuraje tare da zazzaɓi, gyambon baki ko jan ido. In an ga haka a tsaya nan take a je asibiti, kuma ba a sake gwada shi. Madadinsa dafson ne, miligiram 100 a rana, bayan an duba sinadarin G6PD, domin ga mai ƙarancinsa yana fasa jajayen ƙwayoyin jini.

Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV, saboda haka in ba a taɓa ba ka rigakafinsa ba, wannan ne abu na farko da za ka nema. Ana fara tambayar alamu huɗu: tari, zazzaɓi, rama, zufar dare. In akwai ko ɗaya, bincike za a yi, ba rigakafi ba, don ba wa mai tarin fuka isoniyazid shi kaɗai na koya wa cutar jure magani. In babu, akwai zaɓi: isoniyazid miligiram 300 kullum na wata shida, ko isoniyazid 900 da rifafentin 900 sau ɗaya a mako har mako 12. Na mako-makon ba ya buƙatar a ninka dolutegirabir. Ana haɗawa da bitamin B6 don kauce wa zugi da mutuwar tafin ƙafa. Amai, ciwon ciki ta dama, ko ido ya yi rawaya alamun hanta ne, a dakata a yi gwaji. Binciken TEMPRANO a Kodebuwa, 2015, ya nuna wata shida na isoniyazid na rage cututtuka masu tsanani ko da mutum na shan maganin HIV.

Sanƙarau na kiriftokokas yana kama masu CD4 ƙasa da 100 ne galibi. Akwai gwajin jini mai sauƙi da ake kira CrAg, wanda ke gano shi makonni kafin ciwon kai ya fara. Ana yin sa ga duk mai ƙasa da 100, ana kuma iya yi har zuwa 200, musamman ga mai fara magani ko mai dawowa bayan ya bari. In ya nuna akwai, ana ɗibar ruwan baya a tabbatar bai kai ƙwaƙwalwa ba, sannan a ba da fulukonazol mai yawan kashi na mako biyu, a bi da na mako takwas, a ƙare da miligiram 200 kullum. Wanda ya taɓa yin sanƙarau ɗin ba ya ajiye wannan 200 sai ya shekara a kan magani, ƙwayar cuta ta kwanta, CD4 ya kai 100 ko fiye.

Bari in ɗan ratse don masu karatu da ke matakin farko, domin farfaɗowar garkuwa ita kanta na iya zama ciwo. Garkuwar da ta farka takan tarar da cutar da ke ɓoye ta far mata da ƙarfi, mutum ya ji ya fi da rashin lafiya makonni kaɗan bayan fara magani. Likitoci na kiran wannan IRIS. Shi ya sa ake auna lokacin farawa. Mai tarin fuka na fara maganin HIV cikin mako biyu da fara na tarin, sai in tarin ya taɓa ƙwaƙwalwa, a jira mako huɗu zuwa takwas. Mai sanƙarau na kiriftokokas a jira mako huɗu zuwa shida: a binciken COAT na Yuganda da Afirka ta Kudu, 2014, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka gaggauta wa sun rasu cikin mako 26, waɗanda aka jinkirta wa kuwa kashi 30. Ga mai tarin fuka da CD4 100 ko ƙasa, binciken PredART na 2018 ya nuna firednison miligiram 40 na kwana 14, sannan 20 na wasu kwana 14, ya rage IRIS daga kashi 46.7 zuwa 32.5. Wannan na gajeren lokaci ne a hannun likita, kuma ba a ba mai Kaposi, wata kansa da ta fi fitowa a fata, don yana hura ta. In IRIS ya zo, galibi ba a tsayar da maganin HIV.

Tsayar da magani don jiki ya huta ma an gwada shi. Binciken SMART na 2006 ya nuna masu hutun sun ninka masu sha ba fashi fiye da sau biyu wajen kamuwa da cuta ko mutuwa. START na 2015 kuma ya nuna fara magani nan take, tun CD4 na sama da 500, ya rage manyan cututtuka da kashi 57 cikin ɗari. Wannan bai dawo maka da shekarun da suka wuce ba, amma hujja ce ta a yi wa iyalinka gwaji yanzu, tun garkuwarsu na da sauran ƙarfi in har akwai mai ɗauke da ita.

A shekarunka akwai wani magani da ya cancanci a tattauna, ko da yake ba ya ɗaga CD4. Zaburar garkuwar da na ambata tana cin jijiyoyin jini. Binciken REPRIEVE na 2023, kan mutum 7,769 masu HIV 'yan shekara 40 zuwa 75, ya nuna fitabastatin miligiram 4 a rana ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, har ga waɗanda kitsen jininsu bai hau ba. A auna maka hawan jini, suga da aikin ƙoda, ƙodar musamman saboda tenofobir. In kana shan taba, barinta ya fi duk wani ƙarin magani da za a iya ba ka: wani bincike a Denmak ya gano cewa masu HIV da ke kan magani kuma suna shan taba, tabar ta fi HIV ɗin rage musu shekaru. Alluran rigakafin ciwon hanta nau'in B, nimoniya da mura sun halatta gare ka, ko da yake jiki ya fi karɓarsu in CD4 ya haura 200. Masu ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, kamar na zazzaɓin shawara da na ƙyanda, ba a yin su ƙasa da 200. Mata masu HIV kuma haɗarin kansar bakin mahaifa ya ninka musu kusan sau shida, ana fara tantance su tun shekara 25.

Matsayinka ba ɗaya ba ne da na wanda CD4 ɗinsa 190 ne ƙwayar cuta na yawo a jininsa. Kwanciyarta kaɗai ta rage maka haɗari sosai, kuma ƙwayoyin da kake da su sun fi nasa aiki. Amma haɗarin bai kai na mai 500 sauƙi ba, don haka a riƙa auna maka CD4 duk wata shida muddin yana kusa da 200, yawan ƙwayar cuta kuma aƙalla sau ɗaya a shekara. Wasu sukan ci gaba da ƙaruwa kaɗan-kaɗan har shekara ta biyar, ta bakwai, ko fiye. Ciwon kai da ya wuce kwana biyu ko ya zo da amai ko ruɗewa, tari ko zazzaɓin da ya ƙi tafiya, haki, zafin haɗiya, dusashewar gani, da ramar da ba ka san dalilinta ba, kowanne daga cikinsu ya isa ya kai ka asibiti a ranar, ba sai ranar karɓar magani ta zagayo ba.